Tumbin Ladan

Tumbin maigidana ni na yi masa shi da hannuna, kuma a lokacin alfahari nake yi da abin. Mun tare a Gyaɗi-Gyaɗi ana dab da canja kuɗi zuwa naira, unguwar duk gonaki da tsirarun gidaje. Sana'arsa gasa burodi a tanda ta itace, shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙi, kuma shi ne ladanin masallacinmu. Babu lasifika, matakalar ƙasa yake hawa ya toshe kunnuwa, har mutanen Tarauni sukan ji shi.

Da numfashi ya fara yi masa gardama, sai na ce rashin ƙarfi ne. Na ƙara man shanu a miya, na zabga sukari a fura, da safe shayi mai kauri. Yana ƙara ƙiba, kiran salla yana ƙara gajarta. Wata la'asar tari ya sarƙe shi a tsakiyar kira, sai wani ne ya hau ya ƙarasa. Liman ya ce ya huta tukuna. Ya shigo gida bai kalle ni ba, ranar ko ruwa bai nema ba.

A asibiti likita ya ce hayaƙi ya ci huhunsa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga tumbi ya tokare huhun daga ƙasa, abin duk a haɗe yake. Ya tambaya wa ke dafa masa abinci. Na ce ni ce, har da ɗaga kai.

“To, uwargida,” in ji shi, “rabin maganin yana tukunyarki.”

Na ji kunya, na kuma ji haushi, amma na ji magana. Muka koma zogale da rama da wake, tuwon dawa malmala ɗaya. Ya bar bakin tanda ya koma sayarwa a shago. Kullum da hantsi yakan taka zuwa Unguwa Uku, da farko sai ya zauna sau biyar a hanya.

Da ya fara ramewa, yayarsa ta zo daga ƙauye ta tafa hannu.

“Ke, da yunwa za ki kashe min ƙane? Me za a ce da mu a gari?”

Na ce, “Yaya, a faɗi abin da za a faɗa, numfashi nake nema masa.”

Wata uku ba ta yi min magana ba, ni ma ban mutu ba.

Sai da damina biyu ta wuce. Wata Laraba ina tsince shinkafa na ji kabbara daga masallaci, na san muryar. Ba ya jan ta kamar da, yana yankewa ya ja iska, sannan ya ci gaba. Na tsaya da faifai a hannu, duk inda ya yi shiru gabana ya faɗi. A haka, daki-daki, ya kai ƙarshe.

Na zauna a kan turmi na fashe da kuka, irin mai sautin nan. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga a gigice tana tambayar wa ya rasu.

Na ce, “Babu kowa. Je ki yi alwala, an kira salla.”