Gwangwani Bakwai a Gangar Hajiya

Ba zan faɗi sunana ba, don ba sai na faɗa ba. Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a unguwar Morrisania ta Bronx, a New York, ya san mutumin da ake nunawa da leɓe idan ya sunkuya zai cire takalmi. Ni ne. An ce ni dillalin makamai ne. An ce na shirya tayar da yaƙi a Kumasi. Wata tsohuwa ma ta rantse ta ga tankar yaƙi a kicin ɗinmu, hawa na huɗu, a ginin da lifta ba ta aiki. To, samari, ku matso ku ji daga bakin mai abu. Abin da na yi na yi, na kuma biya. Abin da ban yi ba, ko za a tara min bakunan Bronx kakaf, ba zan ɗauka ba.

Kafin wannan ni mutum ne mai rufin asiri. Haifaffen Zangon Kumasi ne ni, direban motar da ke kai tsofaffi da marasa lafiya asibiti. Shekara goma sha shida a garin nan, laifina mafi girma tikitin fakin. Matata, Hajiya Memuna, aikin kula da wata tsohuwa take yi, muna zaune a unguwar Soundview. Idan ana taron suna ni ake nema, don in na buɗe baki har masu wanke tukwane sai sun leƙo.

Wanda ya buɗe min ƙofar abokin aikina ne, Baba Soja, tsohon sojan Ghana da bai yarda ya yi ritaya ba sai a takarda. Wata Asabar ya ce, “Chale, abokina, tumbin nan naka yana neman wasa. Zo mu tsallaka Pennsylvania.” Ya kai ni filin harbi, inda ake ba mutum hayar bindiga, a sa masa abin toshe kunne, ya yi ta harbin takarda. Harbina na farko ban san inda ya tafi ba, wataƙila har yau yana tafiya. Amma kafin wata uku, wallahi, da za a ɗora wa sauro hula sai in cire masa ita ban taɓa kunnensa ba. Masu musu su je su tambayi sauron.

Ba na jin kunyar wannan ko kaɗan. Wasu ƙwallo suke so, wasu kamun kifi, ni harbin takarda nake so, kuma a can halal ne. Inda shaiɗan ya shigo ta wajen araha ne. Kun san halinmu: ɗan Zango ba ya sayen shinkafa kofi-kofi, buhu yake ɗauka. A shekarun nan aka yi ta raɗe-raɗin harsashi zai yi wuya, turawa suna ta kwasa kamar ana rabon zakka. Na ce ni ma ba a bar ni a baya ba. Na sayi fiye da abin da zan harba, ragowar na jefa a mota, na shigo da shi New York.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai cewa a garin nan ajiye harsashi ba lasisi laifi ne. Baba Soja da kansa ya ce min, “Wannan ba gyaɗa ba ce, ka bar ta inda ka same ta.” Na ce kwali ɗaya ne, sati mai zuwa zan mayar. Sati mai zuwa na zo da biyu. Abin dariyar, ko bindigar harbin tsuntsu ba ni da ita. Mutum ya tara hatsi rumbu guda, ba shi da ko turmi.

Da kayan suka yi yawa sai na nemi mazubi. A gidan ɗan Ghana ba a zubar da gwangwani. Hajiya tana da manyan gwangwanayen madarar gari da ta shanye ta wanke, na cika guda bakwai, na naɗe bakinsu da salatif, na tura ƙasan kabad. Ranar da ta zo shara ta kasa ɗaga ko ɗaya, ta ce, “Maigida, me ka zuba a nan, duwatsu?”

Nan take ƙarya ta zo min da kanta, ko sallama ba ta yi ba. Na ce, “Notuna ne da kusoshin mota, 'yan asalin Amurka. Kada ki buɗe, iska na taɓa su sai tsatsa.” Ta ce to. Shekara ashirin da aure ban taɓa ba ta dalilin shakka ba, don haka ta yarda. Shekara uku gwangwanayen nan suna zaune, ina gaishe su duk safiya kamar surukai.

Yanzu ga inda wanda ba namu ba ba zai gane ba. Duk shekara kafin babbar Sallah Hajiya tana aika ganga gida, irin shuɗiyar nan ta roba, ta hannun wani ɗan Nijar mai haɗa kwantena. Ganga kuwa ba a auna nauyinta, kuɗinta ɗaya ko ka cika ko ba ka cika ba. Saboda haka barin fili a cikin ganga abin kunya ne. Ana danna shinkafa, mai, sabulu, takalma, a hau kai a zauna kafin a rufe. Hajiya tana da ƙane, Awudu, bakanike a Kumasi, wanda kullum yake min tsiya a waya wai mijin yayarsa rowa ta hana shi tsawo. Rannan ina wurin aiki, ta ga gangar da sauran fili, ta tuna da notunan da ba a taɓa ba shekara uku. Ta mirgina su ɗaya bayan ɗaya ta sa. Har ta rubuta a jikin kowanne: daga mijin yayarka.

Sai bayan sati biyu na leƙa kabad na ga wayam. Na ce, “Hajiya, ina gwangwanayena?” Ta yi murmushi irin na wadda ta yi abin kirki, ta ce, “Na fitar da kai kunya. Bana Awudu zai san yana da suruki a Amurka.” Na tambaya sunan wa ke kan takardar gangar. Ta ce, “Nawa mana, kamar kullum.”

Gumin da na yi a ranar da an tara shi da an yi wa gawa uku wanka. Na garzaya wurin Baba Soja. Ya ce, “Kwantena nawa ke fita a tashar nan? Ba duka ake dubawa ba. Kuma ko an kama, sunanka ba ya ciki. Mace ce, ta ce ba ta sani ba, za su sake ta. Ka kama bakinka.”

Na kama bakina. A nan ne, samari, na zama mai laifi na gaskiya, ba a Pennsylvania ba. Kwana goma sha tara ina cin waakye ɗin matar nan, shinkafa da wakenmu na Ghana, ina ba ta labarin ban dariya, tana kiran Awudu tana ce masa ya shirya karɓar tsaraba, ni kuwa na san na ɗora mata dutse a ka ba ta sani ba. Kullum in ce gobe zan faɗa mata. Gobe ta yi in ce ai jirgi ya riga ya tashi.

Jirgi bai tashi ba. Na'urar kwastan ta hango kayan tun a tashar ruwa. Wata Talata da safe, Hajiya ta sa rigar aikinta tana neman katin bas, aka ƙwanƙwasa. Jami'an gwamnati huɗu, har da mace ɗaya. Ba ni suka tambaya ba, sunanta suka kira cikakke. Suka nuna mata hoton gwangwanin da rubutunta a jiki, suka ce nata ne? Ta ce, “Eh, notuna ne na ƙanena.” Macen ta ciro ankwa. Hajiya ta juyo ta dube ni, ba da zargi ba, da neman in yi musu bayani da Turancin da ya fi nata. Ta ce, “Maigida, ka gaya musu notuna ne.”

Ni da bakina ba ya rufuwa ko a wajen jana'iza, sai da na nemi murya. Na miƙa hannuwana biyu na ce, “Ba notuna ba ne. Nawa ne, ni na saya, ni na zuba, ni na yi mata ƙarya. Matar nan ko harsashi ba ta taɓa gani ba.” Babbansu ya ce ina da damar yin shiru. Na ce masa shirun ne ya kawo mu nan.

Lauyana ya so ya haɗiye ni don haushi, wai na ba su shari'ar a faranti. Na ce ya ci gaba da haushinsa. Sun yi wa Hajiya tambayoyi yini guda suka sallame ta, ko aikinta ba ta rasa ba. Ni kuwa, da ajiyar, da kayan da suka kama hanyar barin ƙasa, da shirun da na yi bayan na sani, alƙali ya ba ni shekara ɗaya da rabi. Da ba don na riga na zama ɗan ƙasa ba, da daga Kumasi nake rubuto muku wannan. A gidan yari tumbina ya tafi ba sallama, abincinsu ko akuya ta gani sai ta ɗauki azumi. Baba Soja bai zo ko sau ɗaya ba. Hajiya kuwa duk wata sai ta hau bas awa huɗu ta zo, ta zauna, ta ba ni labarin unguwa, ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Sai ranar da na fito, muna cikin mota, ta ce, “Harsashin na yafe tun tuni, wauta ce irin ta maza. Kwana goma sha taran nan ne nake ta fama da su.” Ban yi wasa ba a wannan karon. Na ce ta ɗauki duk lokacin da take so. Na roƙi Allah gafara, na roƙe ta, kuma ita har yanzu ina kan roƙo.

Masu nuna ni da leɓe kuwa, su ci gaba, leɓensu ne zai yi tsawo. Sahun gaba nake tsayawa, kuma in an yi suna ni ake kira. Doka ta hana ni taɓa bindiga har abada, na karɓa, sauro ya huta.

Ku kuwa samari, in kuna son harbi ku nemi lasisi, ku bi dokar garin da kuke kwana a cikinsa, abin filin harbi ku bar shi a filin harbi. Kada araha ta ruɗe ku. Kuma duk abin da sai kun canza masa suna kafin ya shiga gidanku, to kada ya shiga, don wanda ya yarda da ku shi zai ɗauke shi da hannu biyu ya kai inda za a kama shi.

Bana ma mun aika ganga. Ni na zauna a ƙasa ina buɗe kowane gwangwani a gaban Hajiya, tana leƙawa tana gyaɗa kai. A can ƙasa akwai guda bakwai na Awudu, notuna na gaske, 'yan asalin Amurka. Sunana ne a kan takardar.