Kunnuwan Barma

Wata Litinin, farkon komawarmu lakwal bayan hutun damina, ina aji huɗu, malaminmu Mushe Isufu ya zana bishiya a allo, ya ce kowa ya rubuto sunayen kakanninsa a rassanta. Washegari 'yan ajinmu suka zo da takardu cike, har da masu jingina kansu da fadar Damagaram. Ni kuwa reshen wajen uba a suna ɗaya ya tsaya: Barma. Dama yaran unguwarmu ta Zango sun saba yi mini tsiya kan kunnuwana, faffaɗa ne kamar faifai. Ran nan suka ƙara da cewa kakana daga sama ya faɗo. Na yi dambe, aka yaga mini riga, na koma gida ina kuka.

Baba tela ne, bai taɓa ganin ubansa ba. Barma ya shigo Zango yana saurayi, ya yi wa fatake dakon fatu, ya yi aure, ya rasu Baba yana ciki. Mutum ne marar magana, ko matarsa, wato kakata, bai faɗa wa garinsu ba. Abin da ya bari kawai tsohon katin shaida ne na zamanin Nasara, yana cikin kwallar Kaka tare da turare. Ruwa ya cinye wurin da aka rubuta garin haihuwa, sai hoton ya tsira. Da Kaka ta ga rigata, ta ɗauko katin ta miƙa wa Baba ta ce, "Rubutu ya goge, zanen fuskarsa bai goge ba. Ku kai wa wanzamai." A da kowane gida da irin zanensa, kuma wanzamin da ya gaji askar gidan ba ya mance shi.

Da aka gama yankan hatsi, Baba ya riƙa rufe shago ran kasuwa yana ɗaukata a bayan keke. A Gafati wanzami ya duba ya girgiza kai. Haka a ƙauye na gaba, da na gabansa. Tsoro ya kama ni sosai, na fara yarda da maganar yaran nan. Sai a garin Dogo wani tsoho da ke aski a gindin tsamiya ya kai hoton dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan askar ubana ce, na san gidan." Ya ratsa da mu gonakin gyaɗa har wani gida mai rumbuna da yawa, inda wata tsohuwa, Yagana, take ɓarar gyaɗa a kan tabarma.

Ashe makauniya ce. Hoton ba shi da amfani a wurinta, Baba kuma haihuwar birni, fuskarsa ba zane ko ɗaya. Ta ce Baba ya matso, ta shafa goshinsa da kumatunsa. Da hannunta ya kai kan kunnuwansa sai ta riƙe su gam, ta fashe da kuka. "Barma ne, ɗan'uwana! Shekarar yunwa ya fita nemo mana abinci, muka ɗauka hanya ce ta cinye shi." Baba, da gemunsa, ya durƙusa yana ta maimaita "Gwaggo". Na waiwaya, sai ga yaran gidan sun yi cirko-cirko a bakin zaure, kowanne da faifansa biyu a gefen kai. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ran nan ba. Muka dawo da buhun gyaɗa da sunayen da reshen Mushe bai isa ya ɗauka ba.

Yau wanzaman nan duk sun kau, ba a zane kuma, hotunan 'ya'yana sun cika waya amma fuskokinsu ba sa faɗin garin kowa. Nakan yi kewar hannun Gwaggo Yagana mai ƙanshin gyaɗa. Kwanan baya autata ta dawo daga lakwal tana kuka, wai an ce kunnuwanta sun yi yawa. Na zaunar da ita na ce ta riƙe su da kyau, su suka kai mu gida.