Ƙafar Zali, Hannun Goggo Tani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Tani, ƙanwar babana, amma har yau in na ji ƙamshin man kaɗe sai na waiga. Allah Ya jiƙanta.

A ƙauyenmu, kusa da Geceme, duk wanda ya yi targaɗe wurinta ake kai shi. Ina ganinta yanzu kamar cikin mafarki, zaune gindin aduwa, inuwa na yawo bisa zanenta. Ta ɗumama mai a tafin hannu, ta riƙe ƙafar mutum, tana yi mai hirar damina har ya shagala. Ba ta taɓa sauri ba.

Yau kuwa ƙwayar ciwon jiki kan kowane faifai take a kasuwa, ja da fara da ruwan ɗorawa. Manomi ya gurɗe da safe, ya haɗiye biyu, da hantsi yana gona. Nakan ce, da Goggo za ta leƙo, me za ta ce? Ina jin ƙafafun mutane kawai za ta bi da kallo.

Watan jiya ɗiyata Zali, mai shekara shida, ta diro daga amalanke, idon sawunta ya kumbura. Ƙanen mijina ya miƙo mini jajayen ƙwayoyi. "Ba ta guda, matar yaya, gobe har tsere za ta yi." Na juya su a hannu. Ban yi karatun lakkol mai nisa ba, rubutun bai gaya mini komai ba. Na goye ta sai asibiti.

Majo, ma'aikacin asibitin, ya duba ƙafar, ya ce babu karaya. Da ya ga ƙwayoyin ya riƙe baki. "Madam, wannan na ƙarti ne, sai ya ci mata ciki." Ya ba mu na ruwa, na yara, mai rage zafi da kumburi, kwana uku, kullum bayan ta ci abinci. Ya ce amma kada ta taka da ƙarfi, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa gurɗewa har girmanta.

Maganin ya yi aiki, nan ne wahalata ta fara. Zafi ya tafi, kumburi na nan, yarinya ta miƙe za ta wasa. Na yi lallashi, na yi tsawa. "Inna, ai na warke!" Ta yaya za ka zaunar da yaron da ba ya jin ciwo?

Ina tsaye bakin murhu sai na ga kaina ina ƙarama, da targaɗe, Goggo na naɗe mini ƙafafu biyu da lalle, tana cewa amarya ba ta tashi sai ya kama. Kwana uku tana cewa bai kama ba. Ni duk shekarun nan gata na ɗauka ta yi mini.

Na kwaɓa lalle. Zali ta miƙo ƙafafu da kanta, ta wuni bisa tabarma tana kora kaji kada su ɓata mata ado. Kwana uku ni ma ina cewa bai kama ba.

Yadda Goggo ke murza jijiya ya tafi tare da ita, ban koya ba. Dabarar lallen nan ɗaya ce ta rage a hannuna. Rana ta huɗu Zali ta taka har bakin rijiya, sawunta ja wur, ba ta ɗingisa ba.