Jan Ƙarfen da Inna Ta Jiƙa a Tsamiya

Wata bakwai na yi ina gasa roba a tanderun jami'a, ban tsinana komai ba. A baki aikin ba wuya: a shafa ruwan roba siriri a kan fallen jan ƙarfe, a sa a wuta mai tsanani, robar ta ƙone ta bar shimfiɗar gawayi wadda ido ba ya gani. Ita ake kira girafin. Nawa kullum dabbare-dabbare yake fitowa, kamar tuwon 'yar koyo. Malamin da ke duba aikina ya ce in zangon nan ya ƙare a haka, sai dai in sake batu, in koma farko.

Falle shida suka rage mini, duk sun dushe don ajiya. Da zan zo gida Ruwan Bago cirar gyaɗa, sai na taho da su a jaka, wai kada wani ya taɓa mini su a ɗakin gwaji. Ashe an gudu ba a tsira ba.

Inna ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe ta ƙyale shi. Muna gona ta zazzage jakar za ta wanke. Na dawo na tarar da uku a cikin ruwan tsamiyar da take jiƙa tasoshinta.

"Inna! Me kika yi mini haka?"

"Me na yi kuwa? Kayan karatu duk sun yi baƙi, ko kunya ba ka ji? Miƙo sauran."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, kuma har yau abin yana damuna. Ta ɗauraye su, ta shanya a kan faifai, ta shige ɗaki.

Da na koma jami'a, ukun da Inna ba ta taɓa ba na fara gasawa. Dabbare-dabbare, kamar kullum. Na shafa wa ukun da ta jiƙa roba na tura tanderu, don dai kada a ce ban ƙarasa ba. Da muka duba ni da Malam a na'urar ƙara girman abu, sai ga shimfiɗa sumul daga gefe zuwa gefe.

Malam ya ce, "Da me ka wanke waɗannan?"

Na ce, "Tsamiya, Malam."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce dusashewar nan ce take hana gawayin kwanciya, tsami kuwa cinye ta yake yi. Ni da ilimina maiƙo kawai nake gogewa.

Ina fita na kira Inna, na ce ta yafe mini, aiki ya yi kyau, kuma waɗanda ta jiƙa ne suka yi.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Tun da ka tafi tuwo bai wuce mini ba. Na ɗauka na kashe maka karatu."