Hoton ƙirjin Yaya Rabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi, mai sayar da albasa a Kasuwar Bodija, wadda Yarbawan kasuwar ke kira Alhaja Alubosa. Duk shekara nakan yi mata sadaka in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa haka.

Ina ajin ƙarshe na karatun likita tari ya kama ta, ya ƙi tafiya wata biyu. A wani ƙaramin asibiti a unguwar Mokola aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ce ta dawo da shi ranar Litinin likita ya duba. Ba ta koma ba. Ta ce me za ta je yi a layi alhali ga likita a gida.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko masallaci, tsakar gidanmu na Sabo cike da 'yan uwa. Ta miƙo min babbar ambulan ɗin a gaban kowa. An koya mana yadda ake karanta hoton ƙirji: baƙi iska ce, fari ƙashi ne ko ruwa ko tsiro. Ana bin sa a tsanake, a gwada dama da hagu, sannan a leƙa wuraren da cuta ke ɓuya, bayan zuciya da can saman huhu. Na san wannan sarai. Amma idanun mutane na kaina, kuma ina jin daɗin hakan. Na ɗaga hoton sama ta wajen rana, na dubi tsakiyarsa, ban yi minti ɗaya ba na ce huhunta fes yake.

Ta matso ta ɗora yatsa a sama, gefen dama, inda ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa ya haɗu da haƙarƙari.

"Nasiru, wannan farin fa? Na ga ɗaya gefen babu shi."

"Ƙashi ne, Yaya," na ce da ita, har da dariya. "Ki bar mana aikinmu."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta mayar da hoton ambulan, ta ce alhamdulillahi.

Bayan wata takwas ta fara tofar da jini. A babban asibiti suka nemi tsohon hoton, wani malamina ya maƙala shi jikin fitila kusa da sabon. Farin nan yana nan inda yatsanta ya taɓa, sai dai a sabon ya ninka. Ciwon daji ne. Malamin ya tambaya wa ya duba na farko. Ina tsaye a bayansa. Yaya ce ta amsa, ta ce babu kowa, ita ce ta yi sakaci.

Ban sani ba ko da na gano ciwon tun ranar, watannin nan takwas da sun cece ta. Abokan aikina sun ce wataƙila a'a. Wannan bai taɓa rage min komai ba, domin ba rashin sani ya sa na yi kuskure ba.

Yanzu ta waya ake turo min hotuna. Mutanen unguwa kan tare ni a bakin masallaci su ce in ɗan duba musu. Nakan ce su same ni a asibiti, in zauna in duba da kyau, wasu su ce na cika girman kai. Da tana nan na san za ta yi min tsiya, ta ce yaro ya girma. Ɗalibaina kuwa nakan ce musu idan marar lafiya ya nuna wuri da yatsa, su sake dubawa, amma ban taɓa gaya musu dalili ba.

Makon jiya na je unguwar Ojoo wurin babbar 'yarta Hauwa, don kada ta fara ganin wannan rubutun a jarida. Na kwashe komai na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ta bari na gama.

"Kawu, ai mun sani," ta ce. "Tun tana asibiti ta gaya mana. Ta ce kada wanda ya tayar maka da maganar, wai idan ka ji kunyarmu za ka daina zuwa gidajenmu."

Sannan ta tashi ta kawo min abinci. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya yi mata irin rangwamen da ta yi min.