Niƙabin Zulai

Sai da ta sakaya ƙofa sannan Zulai, 'yar ƙanwar babata, ta ɗaga niƙabi. Leɓenta na sama ya yi baƙi, gefe ɗaya har ya fara ruɓewa.

Wata mai gyaran amare ce a Birnin Kudu ta yi mata allurar hayaluronik asid, maganin ƙara girman leɓe, wai ya ciko kafin ta koma ɗakinta daga wankan jego.

Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ta ce, "Yaya, in ce wa Inna me? Duk Gwaram yabona ake yi tunda na sa niƙabi don in ɓoye shi, wai na zama ustaziya."

Ta saki niƙabin, ta ɗauki jaririnta.

Jama'a, in tona mata asiri a ceci leɓen, ko in bar ta da yabon?