Zanen Babana a Cikin Akwati

Wahala muka sha, kuma ba ta haifar da komai ba. Ni zanen hula na gada a Zaitawa, ina zanawa a kan ƙyalle, mata su ɗinka a cikin gida. Tun da sojoji suka koma bariki ake ce mana kasuwa za ta buɗe. Waya ta zo, daga baya aka ce kowa ya buɗe shafi a wurin kamfanin Turawan nan na intanet ya sa hotunan kayansa. Na buɗe, har mutanen Yamai suna kirana. Wata rana na duba, an rufe shafin. Ba dalili, ba ofishin da za ka je ka yi magiya.

Ƙanen matata malamin kwamfuta ne. Shi ya zo da wani ɗan akwati, bai fi sabulun wanki ba, ya kafa a zaurenmu da batirin sola. Duk wanda ya matso kusa wayarsa za ta kama, ya ga hulunanmu ba sai da data ba.

"Yaya, wannan namu ne. Babu mai rufe shi."

"Har ina yake kaiwa?"

"Bakin masallaci."

"To, mutumin Yamai a masallacinmu yake salla?"

"A hankali dai. Kowace unguwa ta kafa nata, sai a haɗa."

Masu zanen layinmu duka muka yarda kowa ya zuba zanensa a akwatin. A sana'armu ba a nuna wa ɗan'uwa sabon zane sai hula ta shiga kasuwa. Babana ƙofa yake rufewa in zai yi zane, ƙyallen ma a naɗe yake aika wa masu ɗinki. Na san wannan sarai. Amma haushin kamfanin ya rufe mini ido. Na buɗe adaka na kwaso zanukan da ya bari, waɗanda nake fitar da ɗaya-ɗaya duk Salla, da su nake riƙe gidana, na ɗauki hotonsu kaf na zuba.

Sai bayan mako na duba na sauran. Tsofaffin zanuka ne, waɗanda kowace mai ɗinki ta haddace. Kuma daga zaurenmu zuwa masallaci babu mai sayen hula ko ɗaya. Mu ne kawai, masu zane.

Ana saura kwanaki Salla na tarar da zanen babana a wurin masu wankin hula, an jera a rana, launi-launi. Hulunan maƙwabcina ne, wanda muke sahu ɗaya kullum.

"Alhaji, wannan fa?"

"Ba kai ka ce na kowa ne ba, Malam? Sadaka ka yi. Allah ya kai ladan kabarin Baba."

Masu wanki suka ce amin, suna dariya.

Ƙanen matata ya ce zai goge. Na ce ya goge daga ina, abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane? Har yau ban ji unguwar da ta kafa nata akwatin ba.

Washegari da safe na cire batirin na ba matata ta riƙa kunna fitila. Na taka zuwa Ƙofar Mazugal na sayi sabon layin waya, na sake buɗe shafi a wurin kamfanin da ya kore ni. Na sa tsofaffin zanuka, irin na kowa.